Linzami a Wutsiya

Mailafiya maƙeri mutum ne da ba ya karɓar magana sai hannunsa ya taɓa ta. Duk unguwar Dala an san shi da wannan hali. In ka kawo masa ƙarfe ka ce mai kyau ne, ba zai ce maka e ba, ba zai ce a'a ba; sai ya ɗora shi a kan uwar maƙera, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Shekara talatin yana ƙera linzami da likkafa kamar yadda ubansa ya yi, kuma yana taƙama da cewa in ya buɗe bakin doki ya duba, ya san irin linzamin da dokin zai ji. Wannan taƙamar ce ta so ta raba shi da ƙanensa a daminar alif ɗari tara da hamsin da huɗu.

Ɗantani sunan ƙanen. Tun yana saurayi ya bi jirgin ƙasa mai kai gyaɗa Ikko, daga nan ba wasiƙa, ba saƙon baki, har shekara goma sha takwas. Iyayensu suka rasu ɗaya bayan ɗaya ba su san inda yake ba. Sai ga shi wata rana da hantsi, ya tsaya a ƙofar maƙera da akwatin ƙarfe a ka, ya yi sallama. Mailafiya, wanda ko ranar jana'izar ubansu ba a ga hawayensa ba, ya yar da masaba ya yi kuka a gaban mutane. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakin uwarsu.

Ashe duk shekarun nan a teku Ɗantani ya yi su, a jiragen kaya masu ɗaukar gyaɗa da auduga da fatu zuwa ƙasar Turawa. Da ya huta, sai ya karɓi zugazugi a maƙerar yayansa, yana zuga yana labari. Bayan la'asar kuma a shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, maƙwabta su taru: Malam Isiyaku tela, da Salihu mai goro, da duk wanda ya ga dama. Mutanen Dala fa ba ƙauyawa ba ne, kakanninsu sun ci kasuwar Gwanja da ta Turabulus. Saboda haka da ya ce akwai ruwan da za ka yi kwana goma ba ka ga gaɓarsa ba, suka ce alhazai ma sun faɗa. Da ya ce akwai ƙasar da sanyi ke mayar da ruwan randa dutse, suka ce Allah mai iko. Duk wannan ya wuce lafiya.

Malam Isiyaku ne ya jawo fitinar, ba da nufi ba. Ya ce, "Wai shin, abu mai girman nan da kake faɗa, da me ake juya shi? Ko shi ma sitiyari gare shi irin na mota?"

Ɗantani ya ce, "Akwai sitiyari, Malam, shi na riƙe shekara goma sha ɗaya. Amma shi ɗan aike ne kawai. Mai juyawar wani allon ƙarfe ne a cikin ruwa, ya fi ƙyauren Ƙofar Mazugal tsayi. Turawa suna ce masa rada."

"Raɗa?" in ji Salihu. "Raɗa ake yi wa jirgin a kunne, sai ya juya?"

Aka yi dariya, har da Ɗantanin. Ya laluba Hausar da zai ba su ya rasa, don kuwa wa ya taɓa raɗa wa abin nan suna a Kano? Sai ya ce, "To, ku ce linzami. Linzamin jirgi ke nan."

Mailafiya yana gefe yana goge likkafa, sai ya ɗago kai. Ya ce, "Madalla, yau an zo gidanmu. A ina ake sa masa, a baki kamar doki, ko a hanci kamar raƙumi?"

"A gindi, Yaya. Can baya, bayan farfela."

Da Ɗantani ya tsaya a nan da sauƙi, amma mutumin da ya so aikinsa ba ya sanin inda ake tsayawa. Ya gyara zama ya ci gaba. Ya ce in kana so jirgi ya bi dama, gindinsa ne zai fara fita hagu, sannan kan ya samu hanya. Ya ce ba kuma nan take ba: za ka murza sitiyari ka jira, kana iya karanta Fatiha kafin ya nuna ya ji. In ya fara juyawa kuwa, sai ka tare shi tun bai kai inda kake so ba, in ba haka ba ya zarce. Ya ce jirgin da ya cika da gyaɗa, in an kashe masa inji a gindin Dala, sai ya wuce Ƙofar Mazugal bai tsaya ba. Ya ce kowanne da halinsa: mai faɗin ciki yana juyawa da sauri amma ba ya riƙe hanya, siriri kuwa ya miƙe sak, juya shi ne aiki.

Mailafiya ya ajiye likkafar. Ya ce, "Shekara talatin ina sa wa dabbobi linzami, ban taɓa ganin wadda aka sa wa a wutsiya ba. Kuma a ce ka ja hagu don ka bi dama. Ashe ban da gishiri, teku har ƙarya take ɗura wa mutum."

Shi a ransa wasa ya yi, irin na yaya da ƙane. Amma maganar ta fito daga bakin mutumin da ya fi kowa sanin linzami a unguwar, kuma ta yi daɗi a kunne. Salihu ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Kafin Juma'a ta zagayo, magana ta bar ƙofar zauren ta shiga lunguna. In mahauci ya ce namansa na yau ne, sai mai saye ta ce, "Wannan ta wutsiya ce." In miji ya ce ruwan sama ne ya tsare shi a kasuwa, matar ta ce ta wutsiya ce. Shi kansa Ɗantani aka daina kiransa Ɗantani mai teku, ya koma Ta-wutsiya.

Ya jure wata guda. Ya daina labari, sai dai zuga. Ran nan bayan azahar wani mutum ya zo ƙofar masallaci yana cigiyar jakinsa. Ɗantani ya ce jakin ya bi ta wajen Mazugal, ba a daɗe ba. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya sa ba ta wutsiya ba ce," ya juya ya tambayi wani. A gaban liman aka yi haka, kuma ba wanda ya tsawatar.

Ranar Litinin, wuta tana ci, ƙarfe ya yi ja, Ɗantani ya saki zugazugin. Ya ce, "Yaya, ranar Alhamis zan bi jirgi in koma Ikko."

Mailafiya ya tsaya da awartaki a hannu har ƙarfen ya huce. Ya ce, "Don wannan 'yar maganar?"

"Garin da ba a karɓar shaidarka ko a kan jaki, ai ba garinka ba ne."

Tsoro ya kama Mailafiya, don ya san in yaron nan ya sake tafiya, sai dai a Lahira. Ya so ya ce yi haƙuri, na yarda da kai. Bakinsa ya ƙi. Ba girman kai kaɗai ba ne. Bai yarda ɗin ba ne, kuma ya san Ɗantani zai ji rashin yardar a muryarsa. In ya ce ya yarda don lallashi, ya tabbatar masa ke nan cewa maƙaryaci ne da ake rarrashi.

Ya shiga cikin gida. Matarsa Turai tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, ta riga ta ji komai, don zauren da tsakar gidan katanga ɗaya ce ta raba su. Ba ta ko dube shi ba ta ce, "Malam, kai fa ka raɗa masa sunan nan."

"To me zan ce? Ke kin taɓa ganin abin da ake juyawa ta baya?"

Ta ce, "Ni ban san teku ba, ban san jirgi ba. Amma na sha gyara tarwaɗa mai rai a cikin daro. Ka taɓa ganin kifi ya juya da kai?"

Gaskiyar magana Mailafiya bai taɓa duban kifi ba sai a cikin miya. Tambayar ta shige shi ta ƙi fita. Ya ci tuwon bai san ya ci ba.

Washegari Talata bai hura wuta ba. Ya nufi kududdufin da ke bayan unguwa, inda ake ɗiban ƙasar gini da rani, yanzu kuwa damina ta cika shi maƙil. Ya tsuguna a baki yana kallon talibambam. Ga su nan birjik, kai ƙato, wutsiya siririya. Ya zaɓi ɗaya ya bi shi da ido. Kan bai yi komai ba, wutsiyar ce ta kaɗa gefe, sai kan ya samu kansa yana duban wani wuri. Ya ce a ransa, to, wannan halitta ce, tana da rai. Itace fa, ko ƙarfe?

Ya koma gida. A kusurwar zaure akwai tsohon komin itace da dokin ubansu ke cin dusa a ciki, dogo, ya kai kamu huɗu. Ya kakkaɓe shi, ya toshe tsagar da ke gindinsa da ƙaro. Ya yanko langalanga kamar tafin hannu biyu, ya ƙera mata ƙusa da 'yar maƙala yadda za ta karkata dama ko hagu ta tsaya inda aka bar ta. Ya ɗauki akushi ɗaya na Turai ba tare da ya tambaya ba. Ya saɓa komin a kafaɗa ya fita, mutane suna gaishe shi yana amsawa da ƙyar.

Akushin ya fara turawa. Ya tafi kaɗan, ya yi ta juyi a wuri ɗaya, ba gaba ba baya. Ya tura komin haka nan ba langalanga, ya miƙe sak har tsakiyar ruwa. Mai faɗin ciki da siriri ke nan, kamar yadda aka faɗa. Ya tuɓe riga, ya naɗe wando, ya shiga ya jawo shi.

Sai ya maƙala langalangar a inda hankali ya ce a sa linzami, wato a gaba. Ya karkata ta dama ya tura. Komin ya yi wata fizga, ya gicciye, ya sha ruwa ta gefe, ya tsaya cak. Ya sake, haka. Ya rage karkatar, duk da haka dai fizga ce ba juyi ba. Ya cire ta ya mayar baya, yana jin haushin kansa tun kafin ya ga sakamako. Ya tura.

Da farko ba abin da ya faru, komin ya tafi kamar ba a sa masa komai ba. Can sai gindin ya zame hagu a hankali, kan ya karkato dama, ya zana wani baka mai kyau a kan ruwa har ƙarfin turin ya ƙare. Mailafiya ya sake sau bakwai, yana sauya karkatar, komin bai saɓa ba ko sau ɗaya. Ya kuma lura in tafiyar ta mutu, langalangar ba ta da wani amfani. Sai ruwa yana wucewa ta jikinta take aiki.

Daɗi ya kama shi, kunya kuma ta biyo baya. Amma maƙeri ba ya barin aiki rabi. Ya ce bari ya yi masa lodi, tun da jirgin Ɗantani na kaya ne. Ya kwaso duwatsu ya zuba a kan komin, can gaba, don kada su taɓa ƙusar langalangar. Ya tura. Komin ya ƙi ji sam. Ya karkata langalangar dama, komin ya bi hagu. Ya miƙar da ita, ya kauce inda ya ga dama. Har azahar yana fama, ya fito yatsunsa sun yi yaushi, bai gane dalili ba. Masu wucewa kuwa sun gan shi, kafin la'asar an ce Mailafiya ya gamu da mutanen ruwa, yana wasa da komin doki a kududdufi.

Ranar Laraba bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma kamar kullum. Ɗantani yana can ƙurya ya jingina da bango, akwatinsa a ɗaure a cikin zaure. Mailafiya bai zauna ba. Ya ce, "Malam Isiyaku, Salihu, ku tashi ku raka ni kududdufi. Duk wanda ke nan ya zo. Har kai, Ɗantani."

Ɗantani ya ce, "Yaya, in sauran dariya ce ba a gama ba, a yafe mini. Gobe ne kawai."

"Tambaya gare ni. Duk garin nan ba mai amsarta sai kai."

Suka tafi, mutum goma sha wani abu, Ɗantani a baya. A bakin ruwa Mailafiya ya tuɓe riga a gaban kowa, dattijo mai furfura a gemu, ya shiga har ƙugu. Bai yi wani jawabi ba. Ya nuna musu akushi, ya nuna musu komi. Ya sa langalanga a gaba, aka ga fizga. Ya mayar baya, aka ga gindi ya fita hagu, kai ya bi dama. Salihu ya daina tauna goro. Malam Isiyaku ya matso har ruwa ya taɓa takalminsa, ya ce, "Sake mu gani." Aka sake.

Sannan Mailafiya ya zuba duwatsun kamar jiya, ya tura, komin ya yi taurin kansa. Ya jawo shi bakin gaɓa daidai gaban ƙanensa. Ya ce, "Ga tambayar. Da babu kaya yana ji, da na yi masa lodi ya ƙi. Me ya sa?"

Ɗantani ya ce, "A ina ka zuba duwatsun?"

"A gaba."

"Shi ya sa. Ka nutsar da kansa, ka ɗage gindin. Jirgin da kansa ya fi nutsewa ba ya jin linzami, sai ya yi ta yawo da kai. Raba su, ka ɗan fi ba baya." Muryarsa ta fara sakewa, ya manta da fushin. "A Apapa, tashar jiragen ruwa ta Ikko, in ana lodin gyaɗa, akwai mutum guda da aikinsa ke nan, ya duba lambobin da ke jikin jirgi gaba da baya, ya ce a kai buhunan nan can. In ya yi sake, mu masu sitiyari mu ke shan wahala har Ingila. Kuma ka sani, yanzu da ya yi nauyi zai daɗe bai amsa ba, amma in ya amsa ba zai so ya daina ba."

Mailafiya ya raba duwatsun, ya karkata langalangar, ya tura da ƙarfi. Komin ya tafi a nutse, ruwa yana ɗan kuka a gefensa.

Ɗantani ya ce, "Ku jira, bai ji ba tukuna. Ku jira. To, yanzu gindin zai fara."

Gindin kuwa ya fara, kamar da shi aka yi shawara. Mutane suka ɗauki salati ƙasa-ƙasa. Mailafiya ya juyo don ya ga fuskar ƙanensa, yana so ya ga farin ciki a kanta. Farin cikin yana nan. Amma komin ya riga ya yi nisa wajen dama, ya doshi ciyayin da ke can gefe, kowa ya juya kai ya bi shi. Ɗantani kaɗai yake duban tsakiyar ruwa, inda babu komai, ya ɗan karkata kunne. Sai Mailafiya ya tuna ɗazun nan komin yana gabansa, taku biyu, duwatsun a fili, amma sai da ya tambayi inda aka zuba su. Sanyin ruwan da bai ji ba tun jiya ya hau masa har ƙirji.

Bai ce komai a kan wannan ba, don ba maganar taro ba ce. Ya juya wajen mutane, yana tsaye a ruwa, ya ce, "Jama'a, ku shaida. Ƙaryar da aka yi a ƙofar zaurena ni na yi ta, ba Ɗantani ba. Na ce abu babu shi don ban taɓa ganinsa ba. Wanda duk ya sake ce masa Ta-wutsiya, ni ya zaga, kuma kada ya kawo mini ko ƙusa in gyara masa."

Malam Isiyaku ya kama hannun Ɗantani da hannu biyu, ya ce, "Ka yafe mana, Malam Ɗantani. Jahilci ne." Salihu ya ciro goro fari ya danƙa masa. Suka ɗan tsaya suna gardama a kan ko kwalekwalen Wudil ma haka yake, sannan suka watse don rana ta yi ƙasa. Aka bar 'yan'uwan su biyu.

Mailafiya ya je ya jawo komin, ya dawo da shi bakin gaɓa. Ya ce, "Tun yaushe?"

Ɗantani bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Shekara biyu ke nan. Yanar ido ce. Da farko fitilun gaɓa ne suka riƙa rabuwa biyu, daga baya lambobin kamfas mai nuna mana hanya suka dushe. Na ɓoye, ina tuƙi da jin jirgin a tafin ƙafata. Likitan kamfani ya nuna mini allo, na kasa karanta ko layin sama. Ranar aka karɓe sitiyarin."

"To Ikkon me za ka je yi?"

"Gadi, a bakin tasha. Ana ɗaukar irinmu. Aƙalla in ji kukansu in suna shigowa, kuma can ba mai ce mini na yi ƙarya." Ya juya goron a hannunsa. "Akwatin nan da ka ga na zo da shi, Yaya, riga biyu ce a ciki da bargo. Abin da na sani a kan jirgi shi kaɗai na kawo gida."

Mailafiya ya ji kamar ya nutse a wurin. Wata guda suna zaune gwiwa da gwiwa a maƙera, shi mai taƙamar gane halin doki daga duban baki, bai ga abin da ke idon ɗan'uwansa ba. Ya so ya ce kada ka tafi, amma sai ya miƙa hannu ya kamo na Ɗantani.

"Cire takalmi ka shigo," in ji shi. "Ba zurfi a nan."

Ɗantani ya shigo har gwiwa. Mailafiya ya ɗaga gindin komin, ya ɗora yatsun ƙanensa a kan langalangar. Yatsun suka bi ta sama da ƙasa, suka shafa bakinta, suka gwada maƙalar.

"Wa ya ƙera wannan?" in ji Ɗantani.

"Ni mana."

"Ba ta yi ba. Ta yi ƙanƙanta, kuma falle ɗaya ce. Ta gaskiya tana da kauri ta gaba, ta sirance ta baya, don ruwa ya bi jikinta a hankali. Ƙusar ma ba a bakin allon ake sa ta ba, a ɗan ciki ne, sai ta yi sauƙin murzawa."

"A ɗan ciki kamar yaya?"

"Sai na nuna maka da hannu, a bakin wuta. Ba ya faɗuwa da baki."

Mailafiya ya dubi ruwa. Ya ce, "Irin wannan aiki, a naɗe ƙarfe biyu a haɗa, a gwada, a sake, ba zai kammalu kafin gobe Alhamis ba."

Ɗantani bai saki langalangar ba. Ya daɗe yana shafa ta da babban yatsa. Daga masallacin unguwa ladan ya gyara murya.

"Na sani," in ji shi. "Gawayin da ya rage ma ba zai isa ba. Da safe ka sayo buhu guda."